Mai Kai Magana Tsakanin Malamai: Matsayin Ɗalibai a Ɓaraka da Sulhu

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda saɓanin ilimi tsakanin malaman Musulunci kan rikiɗe ya koma gaba, da dalilin da ya sa wani sulhun kan ɗore wani kuma ya wargaje tun kafin a naɗe tabarma. An kwatanta abin da ya gudana tsakanin Buhari da Zuhli a Naisabur, da Malik da Ibn Ishaƙ a Madina, da jagororin jihadin Sakkwato, da malaman Arewacin Nijeriya daga shekarun 1950 zuwa yau. Nazarin ya karkata ga mutum na uku, wato wanda ke ɗaukar magana daga wannan majalisi zuwa wancan.

1.0 Gabatarwa

Littafin Ahalari, wanda yana cikin littattafan farko da ɗalibi ke buɗewa a zaurukan ƙasar Hausa, tun kafin ya shiga babin tsarki ya lissafa giba da annamimanci cikin abubuwan da aka haramta wa baligi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sake kawo su a babukanta na ƙarshe. Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji ya gargaɗi mai neman ilimi kan yi da mutane da zama da masu yawan surutu. A Alƙur'ani kuwa, Suratul Hujurat ita kaɗai ta tattara umarnin tantance labarin fasiƙi (aya ta 6), da umarnin sulhunta muminai (aya ta 9 da ta 10), da hana mummunan zato da bin diddigi da giba (aya ta 12). Ke nan nassi bai yi ƙaranci ba, kuma babu ɗalibin da zai ce hukuncin bai iso masa ba.

Duk da haka, wanda ya san da'irar ilimi ya san cewa naman malamai yana cikin naman da aka fi ci, kuma a bakin ƙofar makaranta ake cin sa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa saɓani tsakanin malamai biyu ba kasafai yake zama gaba ba sai ya bi ta hannun mutum na uku, wanda galibi ɗalibi ne ko makusanci. Idan haka ne, sulhun da ya tsaya kan malaman biyu ya bar ɗalibansu yadda suke, ya gyara rabin ɓarnar ne kawai.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ana iya kasa abin da aka rubuta kan wannan batu gida uku. Gida na farko shi ne littattafan tarbiyya. Gazali (ya rasu 505 B.H.) ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan aibobin harshe, inda ya bambanta giba, wato ambaton mutum a bayan idonsa da abin da yake ƙi ko da gaskiya ne, da annamimanci, wato kwasar magana daga wani zuwa wani ta yadda za ta ɓata tsakani. Nawawi (676 B.H.) ya tsara wurare shida da aka yi rangwamen ambaton aibin mutum: kai ƙara, neman taimakon kawar da ɓarna, neman fatawa, gargaɗin Musulmi daga sharri, ambaton mai bayyana fasiƙancinsa ko bidi'arsa, da siffanta mutum da laƙabin da aka san shi da shi. Ibn Rajab (795 B.H.) ya rubuta ƙaramar risala kan bambancin nasiha da tozartawa. Waɗannan ayyuka suna magana ne da zuciyar mutum ɗaya.

Gida na biyu shi ne na masana maruwaita. Ibn Abdil Barri (463 B.H.) ya buɗe babi a Jami'u Bayanil Ilmi kan hukuncin maganar malamai a kan junansu. Zahabi (748 B.H.) ya sha nanata cewa sukar tsara ga tsara ba abin dogaro ba ce idan alamar ƙiyayya ko hassada ko bambancin mazhaba ta bayyana. Tajuddin Subki (771 B.H.) ya mayar da wannan ƙa'ida tsayayya a Ɗabaƙat ɗinsa. Ibn Taimiyya (728 B.H.) kuma ya tattara uzurorin da kan sa babban malami ya saɓa wa wani hadisi a littafinsa Raf'ul Malam. Hankalin wannan gida yana kan malaman biyu da abin da ke ransu.

Gida na uku shi ne na masana tarihin zamani. Last (1967) ya yi nazarin Daular Sakkwato, Paden (1973) ya dubi ɗariƙu da siyasar Kano, Loimeier (1997) da Kane (2003) suka bi diddigin takaddamar ɗariƙu da Izala, Ben Amara (2020) kuma ya dubi kafuwar Izala da rabuwarta da haɗewarta. Waɗannan sun fi ba da nauyi ga siyasa da tattalin arziki da tsarin ƙungiya. A gidajen uku ana ganin mai kai magana yana gilmawa, amma bai samu kulawar da ta kai ta sauran ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin matani da kwatancen tarihi. An zaɓi misalan da suka haɗa abu biyu: malaman da kowannensu al'umma ta yarda da iliminsa, da kuma ruwayar da ta nuna yadda magana ta tashi daga ɗaya ta isa ga ɗayan. Don sauƙin bayani an ƙirƙiri wasu keɓaɓɓun kalmomi. Silsilar kai-magana na nufin hanyar da zance ke bi, kuma tana da gaɓoɓi uku: tushe (wanda ya yi maganar), maɗauki (wanda ya kwashe ta), da makarɓi (wanda aka kai wa). Ɓarnar naƙali na nufin duk canjin da magana ta samu a hannun maɗauki, ko da bai ƙara harafi ko ɗaya ba. An kuma bambanta sulhun shugabanni, wanda ake yi tsakanin manya a keɓe ko a gaban 'yan jarida, da sulhun majalisi, wanda ake sanarwa a wurin da aka yi sukar, a gaban mutanen da suka ji ta.

4.0 Nazari

4.1 Naisabur, 250 B.H.

A wannan shekara Buhari ya isa Naisabur, birnin da Muhammad bn Yahya Zuhli yake babban malamin hadisinsa. Tarihu Bagdad na Haɗib, da Siyar na Zahabi, da muƙaddimar Fathul Bari ta Ibn Hajar duk sun nuna cewa da mutunci aka fara. Zuhli ya fita tarbar baƙon, ya kuma umarci ɗalibansa su je su ɗauki karatu a wurinsa. Sai dai ya ja kunnensu kada su tambaye shi komai na ilimin kalam, don kada ya ba da amsar da ta saɓa wa tasu a samu ɓaraka. Lokacin ba a daɗe da fita daga fitinar halittar Alƙur'ani ba, wadda aka daki Ahmad bn Hambal a kanta, kuma Ahmad ɗin bai fi shekara tara da rasuwa ba.

Ba a kwana uku ba wani mutum ya miƙe a tsakiyar majalisi ya tambayi Buhari ko lafazin mai karatun Alƙur'ani halitta ne. Wata ruwaya ta ce sau uku Buhari yana kau da kai, mutumin yana nacewa. Da ya amsa, a wannan ruwayar abin da ya faɗa shi ne cewa Alƙur'ani maganar Allah ne ba halitta ba, ayyukan bayi kuwa halitta ne, kuma jarraba mutane da irin wannan tambaya bidi'a ce. Nan take wuri ya kaure. Wasu suka ce ya faɗa cewa lafazinsa da Alƙur'ani halitta ne, wasu suka ce bai faɗa ba, har masu gida suka fitar da jama'a. Mutane ne da suke ɗaki ɗaya, suka ji murya ɗaya, amma suka fita da magana biyu.

Wadda ta isa kunnen Zuhli ita ce ta farkon, kuma wasiƙa daga Bagadaza ta zo ta ƙarfafa ta. Ya shelanta cewa mai zuwa wurin Buhari kada ya sake zama a majalisinsa. Muslim bn Hajjaj, ɗaya daga cikin ɗaliban Zuhli, ya ɗora mayafinsa a kan rawani, ya miƙe a gaban kowa ya fice, sa'annan ya tattara duk abin da ya rubuta daga Zuhli ya ɗora wa ɗan dako ya mayar masa. Ahmad bn Salama ya bi bayansa. Buhari ya bar garin. Maganar ba ta tsaya nan ba, domin Ibn Abi Hatim ya rubuta cewa mahaifinsa da Abu Zur'a sun bar hadisin Buhari a Rayyu bayan wasiƙar Zuhli ta iso musu. Shi kuwa Buhari ya ƙaryata duk wanda ya jingina masa wannan lafazi, ya kuma bayyana matsayinsa a littafinsa Halƙu Af'alil Ibad. Ya rasu a ƙauyen Hartank kusa da Samarƙand a 256 B.H., Zuhli ya bi shi a 258 B.H.

Malaman da suka zo daga baya, ciki har da Zahabi, sun ga cewa mutanen biyu ba su rabu a asalin aƙida ba. Buhari ya ci gaba da ruwaito hadisi daga Zuhli a cikin Sahihinsa, ko da yake ba ya ambaton cikakken sunansa. Abin da ya fi jan hankali shi ne, mutum biyu da suka ƙare rayuwarsu wajen ƙin karɓar hadisi sai sun san wanda ya ji daga wa, suna zaune a gari ɗaya, amma ruwayoyin ba su nuna sun haɗu sun tambayi juna ba. Ma'aunin da ake ɗora wa maruwaicin hadisi ba a ɗora shi ga maruwaicin gulma ba.

4.2 Fuskokin Ɓarnar Naƙali

Abin da ya faru a Naisabur shi ne fuska ta farko, wadda za a kira lazimtawa: maɗauki ya ɗauki abin da yake ganin maganar tana haifarwa, ya kai shi a matsayin abin da aka faɗa. Malaman usulu sun daɗe da yin bayanin cewa ba a ɗora wa mutum abin da maganarsa ke lazimtawa matuƙar bai yarda da shi ba, amma maɗauki ba ya jiran wannan. Fuska ta biyu ita ce datsewa, wato a cire jimla daga abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta. Fuska ta uku, wadda ta fi yawa a wa'azin ƙasar Hausa, ita ce ɗora suna. Malami zai ce "wasu malamai" ko "wani mai wa'azi", ya bar ƙofa a buɗe, sai maɗauki ya isa ɗaya majalisin ya ce, "Wallahi da Malam yake." A nan bai ƙara wa maganar komai ba sai suna, kuma sunan ne ya mayar da mas'ala ta zama zagi.

Labarin Malik (179 B.H.) da Ibn Ishaƙ mai Sira ya nuna gaɓa ta uku ta silsilar. Littattafan maruwaita sun kawo cewa wani mutum ne ya zo ya gaya wa Malik cewa Ibn Ishaƙ ya yi iƙirarin shi ne mai iya duba lafiyar iliminsa. Malik ya mayar da kalma mai nauyi, waɗanda ke wurin suka haddace ta, aka rubuta. A kwatanta wannan da saɓanin Malik da Laisu bn Sa'ad (175 B.H.) kan hujjar aikin mutanen Madina, wanda ya fi wancan zurfi ta fuskar ilimi. Shi wannan ta wasiƙa aka yi shi, hannu da hannu, kowanne ya buɗe da tambayar lafiya da addu'a, kuma har yau ana karanta wasiƙun a matsayin misalin ladabin saɓani. Malik ɗaya ne a wuraren biyu. Hanyar da maganar ta bi ce ta bambanta.

A zaurukanmu lokacin kai magana sananne ne. An yi addu'a an tashi karatu, jama'a sun watse, sai mutum uku ko huɗu su rage: mai naɗe buzu, mai ɗaukar littattafai, mai raka malam bakin mota. A wannan ɗan tsakanin ne ake rage murya a ce, "Allah ya gafarta Malam, ka kuwa ji abin da wane ya faɗa jiya a tafsiri?" Mai faɗar ba lalle ne maƙaryaci ba. Galibi yana neman kusanci ne, kuma ya lura cewa wanda ya kawo labari ana sauraronsa fiye da wanda ya kawo tambaya a kan darasi. Saboda haka laifin bai tsaya kansa shi kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gazali ya ɗora wa makarɓi wajibai shida, waɗanda suka haɗa da kada ya gaskata maɗauki, ya hana shi, kada ya munana zato ga wanda ba ya nan, kada labarin ya sa shi bincike, kuma kada shi ma ya kwashi maganar ya kai gaba. Akwai kuma ruwayar Ibn Mas'ud a wurin Abu Dawud da Tirmizi, duk da masana sun yi magana kan isnadinta, da ke nuna Annabi (SAW) ya hana a kawo masa zancen sahabbansa don yana son ya fito gare su da zuciya wankakkiya. Malamin da ya tsawata wa maɗauki sau ɗaya a gaban 'yan'uwansa ya rufe wannan ƙofa fiye da wa'azin wata guda kan giba.

4.3 Rigar Jarhi

Ɗalibin ilimi yana da wata mafaka da mutumin kasuwa ba shi da ita. Idan aka ce masa abin da yake yi giba ne, sai ya ce a'a, raddi ne, ko gargaɗi ne, ko jarhi ne irin na magabata. Rangwame na huɗu da na biyar a lissafin Nawawi su ne ƙofar da ake bi. Sai dai Nawawi da kansa ya gindaya cewa niyya ta zama nasiha, ya kuma yi gargaɗin cewa hassada kan shigo ta wannan ƙofa mutum yana zaton nasiha yake yi. Ibn Rajab ya halatta bayyana kuskuren malami da hujja da ladabi, ya haramta yin hakan don a nuna jahilcinsa ko a zubar da ƙimarsa. Jarhin magabata kuwa buƙata ce ta haifar da shi, wato a san wanda za a karɓi hadisi daga gare shi, kuma ƙwararru ƙalilan ne suka yi shi. Yaron da bai gama Arba'una Hadisi ba ya zauna yana rarraba malaman gari gida-gida, wannan wani abu ne daban.

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar watsi da sukar tsara ita ma takan zama riga. Akan yi amfani da ita a toshe bakin duk wanda ya nuna kuskure na gaskiya, a ce hassada ce. Al'ummar da ba a iya gyara wa malaminta fatawa tana cikin haɗarin da bai gaza na gulma ba. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne a tambaya: shin wanda ake sukar ya ji sukar daga bakin mai yin ta, da hujjarta, kafin 'yan kallo su ji?

4.4 Darasin Sakkwato

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) ya fuskanci matsalar ɗalibai tun farkon wa'azinsa. Akwai wasu ɗaliban ilimin kalam da ke tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi irin na littafi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisur cewa Shehu ya yi rubuce-rubuce masu yawa don rushe wannan ra'ayi. Amma gwaji mafi wuya shi ne saɓaninsa da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umar, wanda ya bi har Agadas don karatu. Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta masu aikata wasu manyan zunubai. Shehu ya ƙi wannan a rubuce, a Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Shifa'ul Galil, ya nuna cewa ba mazhabar Ahlus Sunna ba ce. A cikin rubutun nan kuma ya nema wa malaminsa uzuri da tsananin kishinsa ga al'umma, ya bayyana girman bashin da yake binsa. Da ya bar maganar a baki, ɗalibai za su raba ta biyu, wasu su ɗauki sukar wasu su ɗauki yabon. Da yake ya haɗa su a takarda ɗaya, maɗauki bai samu abin datsewa cikin sauƙi ba.

Haka ya yi da ƙaninsa Abdullahi, wanda ya tsananta kan abubuwa irin su laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin ado, wanda kuma ɓacin rai kan halin wasu 'yan jama'a ya sa ya kama hanyar gabas a 1807 har ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam. A Najmul Ihwan Shehu ya amsa waɗannan mas'aloli, ya nuna akwai yalwa a cikinsu, sa'annan ya umarci jama'a su karanta littattafan Abdullahi saboda kiyayewarsa ga zahirin shari'a, su karanta na Bello saboda saninsa da siyasar al'umma. Wato ya tura ɗalibansa wurin wanda ya saɓa masa. Ɗalibin da yake karanta malamai biyu da izinin kowannensu yana da wuya ya zama ɗan kanzagin ɗaya a kan ɗaya.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya koma Gwandu, aka ɗauki 'yan shekaru akwai tsami tsakanin baffa da ɗan wansa. Sulhun ya zo ne a Kalambaina, lokacin da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki a yaƙi. Ruwayar da ta shahara ta ce da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. An yi wannan a gaban rundunonin ɓangarorin biyu, wato a gaban ainihin mutanen da da su ne za su ci gaba da raya maganar rufe ƙofa. Abdullahi ya rasu a 1829, kuma tsarin Sakkwato da Gwandu ya zauna har zuwan Turawa a 1903.

4.5 Daga Zaure Zuwa Lasifika

Takaddamar ƙabalu da sadalu a Kano a shekarun 1950 da 1960 ta fara ne a matsayin mas'alar fiƙihu da ke da tushe a cikin mazhabar Malikiyya kanta, tun da Muwaɗɗa ta kawo hadisin ɗora dama a kan hagu, Mudawwana kuma ta kawo ruwayar sakin hannu a farilla. Shehu Ibrahim Inyass ya rubuta yana goyon bayan ƙabalu, Shehu Nasiru Kabara ya rubuta yana fifita sadalu, Malam Sani Kafinga ya mayar da martani, duk da Larabci kuma da hujjoji. A hannun mabiya kuwa ta zama alamar gane namu da nasu, har wasu suka ƙi bin wasu salla.

Bayan fitowar Al-Aƙidatus Sahiha ta Shehu Abubakar Gumi a 1972 da kafa Izala a Jos a 1978, silsilar ta samu sabuwar gaɓa. Tafsirin azumi da Rediyon Kaduna ya riƙa watsawa, na Shehu Gumi da na Shehu Ɗahiru Bauchi, ya sa magana tana isa dubban gidaje a dare ɗaya, kaset kuma ya sa ana iya maimaita ta shekara da shekaru. A zahiri na'ura ta kamata ta rage ɓarnar naƙali, tun da ga muryar mutum nan. Abin da ya auku akasin haka ne. A yau ana yanko daƙiƙa talatin daga karatun sa'a biyu, a ɗora masa take, a watsa a Facebook ko TikTok ko WhatsApp, kuma mai saurare ya fi gaskata shi saboda da kunnensa ya ji. Maɗaukin da yake neman fuskar malam ya samu wani abin nema na biyu, wato yawan mabiya, kuma "an taɓa Malam" ko "zazzafan martani" sun fi darasin gado jawo jama'a.

4.6 Sulhun Shugabanni da Sulhun Majalisi

Loimeier (1997) ya kawo yadda manyan malaman ɗariƙu da na Izala suka bayyana sulhu a bainar jama'a a farkon 1988, bayan rikicin Kafanchan na Maris 1987 da zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar wannan shekara. Matsin da ya zo daga waje ne ya haɗa su, da ya lafa kuma muhawarar ta dawo. Izala kanta ta rabu gida biyu, Jos da Kaduna, rabuwar da ta fito fili a farkon shekarun 1990. An sanar da haɗewa a ƙarshen 2011, amma a yau kowane ɓangare yana tafiyar da harkokinsa da shugabancinsa. Dalilan waɗannan suna da yawa, har da na aƙida da na shugabanci da na kadarori. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, a irin wannan sulhu manya kan rungumi juna a babban birni, alhali mai wa'azin ƙauye da ɗan agaji da mai sayar da kaset suna nan da abin da aka ɗora su a kai shekara da shekaru.

Shari'a ta san cewa mai sulhu shi ma maɗauki ne. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba a Buhari da Muslim ya cire sunan maƙaryaci daga wanda ke kai alheri tsakanin mutane don ya daidaita su. Saboda haka abin da ake buƙata ga ɗalibi bai tsaya ga yin shiru ba, shi ne ya fi kowa damar ya ce, "Malam, na ji wane ya ambace ka da alheri a mas'ala kaza." Sai dai alheri ba ya tafiya da saurin kishiyarsa. Ibn Hibban ya ruwaito cewa Malik da Ibn Ishaƙ sun sasanta kafin Ibn Ishaƙ ya tafi Iraƙi, har Malik ya ba shi dinari hamsin na sallama. Kalmar sukar tana cikin kusan kowane littafin da ya kawo tarihin Ibn Ishaƙ, labarin dinarin kuwa sai an tona.

Malamai sun saɓa kan tubar mai giba. Gazali da Nawawi sun karkata ga neman yafewar wanda aka ci namansa. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ga cewa sanar da wanda bai ji ba yana iya ƙara ɓata zuciya, don haka ya isa a nema masa gafara a kuma ambace shi da alheri a wuraren da aka ambace shi da sharri. Wannan ra'ayi na biyu ya ƙunshi sharaɗin wuri, kuma shi ne ginshiƙin abin da aka kira sulhun majalisi. Idan a kan mumbarin Juma'a aka yi sukar, kiran waya da daddare bai goge ta ba. Idan a zaman tafsiri aka yi ta, a zaman tafsiri ya kamata a janye ta, mai jan baƙi yana zaune, na'urar ɗaukar murya tana kunne. Idan kuma wani shafi ne na ɗalibai ya yanka ya watsa, to sulhun ya haɗa da malam ya kira masu shafin da sunayensu, ya sa su sauke tsohon faifan, su ɗora na janyewar a gurbinsa da irin taken da suka yi wa na farko.